Katin Mutuwa a kartar tarot: abin da ke jikinsa da yadda ake fassara shi

A shagunan cajin waya na ƙauyukanmu, daga wajen Ringim har Gumel, samari da 'yan mata na tura wa juna bidiyon wasu Turawa masu baje karta a tebur, wai suna faɗa wa mutum gobensa. Sunan kartar tarot. Katin da ya fi tayar da hankali a cikinta shi ne mai lamba 13, wanda ake kira Mutuwa.

Kartar guda 78 ce. Guda 22 su ne manya, masu hotuna da sunaye. Sauran 56 an kasa su gida huɗu, wato kofuna, takubba, sanduna da tsabar kuɗi, kowane gida 14. A arewacin Italiya aka fara yin ta wajen shekarun 1440, kuma don wasa, kamar dai whot da ake bugawa a majalisa. Sai a ƙarshen ƙarni na 18 wasu Faransawa suka mai da ita abin duba. Wadda aka fi gani a bidiyo ita ce bugun Landan na 1909, Arthur Edward Waite ya tsara, Pamela Colman Smith ta zana.

A jikin katin, ƙwarangwal ne sanye da baƙin sulke bisa farin doki, riƙe da baƙar tuta mai farin fure. Sarki na kwance a ƙasa, kambinsa ya faɗi gefe. Babban limamin coci ya haɗa hannuwa a gaban dokin, budurwa ta kau da kai, ƙaramin yaro kuwa ya zuba wa mahayin ido. Can baya akwai kogi da jirgin ruwa, da rana tsakanin hasumiya biyu. A tsohuwar kartar Faransa babu doki, ƙwarangwal ne kawai da dogon lauje, sau tari ko suna ba a rubuta masa.

Masu duba da ita ba kasafai suke cewa wani zai mutu ba. In katin ya fito a miƙe, sukan ce wani abu ya zo ƙarshe domin wani ya soma: aure, sana'a, ko zaman wani gari. Laujen nan ya fi saurin fahimtar da manomi. An yanke shinkafa a fadamar Haɗeja, fili ya koma fayau, amma za a sake shuka. In ya fito a juye, kai ƙasa, sai su ce mutum ya maƙale wa abin da ya riga ya ƙare. Gurbin da ya faɗa ma na canza magana. A shimfiɗar kati uku, na hagu abin da ya wuce ne, na tsakiya halin da ake ciki, na dama abin da ke tafe.

Hukuncin addini a kan wannan a fili yake. Duba duba ne, ko da karta ko da bugun ƙasa a faifai. A Sahihu Muslim ya zo cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba.

To me ya sa mutane ke cewa katin ya faɗa musu daidai? Lissafi ne da faɗin magana. In aka zaro kati uku cikin 78, Mutuwa zai fito sau ɗaya cikin shimfiɗa 26 a ƙiyasi. In goma aka zaro, kusan sau ɗaya cikin takwas. Juyewar kati kuwa daga hannun mai cuɗa kartar take: in bai juya wani kaso ba yayin cuɗawa, ko ɗaya ba zai fito a juye ba. Sannan waye ba ya da abin da ke ƙarewa a rayuwarsa? Ɗan ci-rani da ya baro Legas, amarya mai shirin tarewa, dattijon da ya sayar da shanun noma, kowa zai ce da shi ake.

Bidiyon "zaɓi kati ɗaya", inda ake jera karta a gurabe a ce mai kallo ya zaɓi gurbi ɗaya, ya fi muni, domin an naɗe shi tun kafin ka kalla, kuma katin da ya fito maka shi ya fito wa duk wanda ya zaɓi wannan gurbin. In mai shafin ya biyo ka ta WhatsApp yana cewa a tura kuɗi a warware abin da katin ya nuna, to ciniki ya kai inda boka ke cewa a kawo baƙin bunsuru.