Minti Biyar Bayan Labarun Safe

Aikin farko da aka danƙa mini a gidan rediyon da na koyi aiki a Birnin Kebbi ƙarami ne a ido. Minti biyar ne bayan labarun safe, in shiga situdiyo in gaya wa masu sauraro abin da ya faru a rana irin ta yau a shekarun baya. Wanda yake yi kafin ni an yi masa canjin wurin aiki, aka duba aka ga ni ne sabon zuwa, sai aka ce in riƙe. Na karɓa hannu bibbiyu, domin tun ina sakandare nake da wani littafi mai bangon kwali da nake tara ranakun tarihi a ciki: wasannin ƙwallo, mutuwar mawaƙa, juyin mulki, samun 'yancin ƙasashe. A tunanina na lokacin, aikin ya zo wurin mai shi.

Ranar 3 ga Agusta ta shekarata ta farko ce ta nuna mini da sauran aiki. Na faɗa cewa a rana irin ta yau a 1996 Najeriya ta doke Ajantina da ci 3 da 2 ta ɗauki lambar zinare ta ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta Atlanta. Har nan ban yi kuskure ba. Sai na ƙara da cewa Nwankwo Kanu ne ya zura ƙwallon da ta raba gardama a minti na ƙarshe. Ban gama naɗe takardata ba wayar ofis ta fara ƙara. Wani dattijo ne, tela a babbar kasuwa, ana jin ƙarar keken ɗinki a bayansa.

Ya ce, "Ɗana, wa ac ce maka Kanu yac ci ta ƙarshe? Amunike na. Ni da idona nig gani, mu fi talatin gaban talabijin guda. Kanu na wasan Barazil na, kada ka haɗe su."

Na ce, "Baba, a gafarce ni, zan duba."

Ya ce, "Duba, amma gobe ka faɗi da bakinka. Yara na jinka."

Da na koma na bincika, maganarsa ce daidai harafi da harafi. A wasan kusa da na ƙarshe, ranar 31 ga Yuli, Barazil tana gaba da ci 3 da 1, Victor Ikpeba ya farke ɗaya, Kanu ya farke ta uku ana dab da tashi, sannan ya ci ƙwallon da ta kashe wasan a ƙarin lokaci. A wasan ƙarshe kuwa Celestine Babayaro ne da Daniel Amokachi suka farke, Emmanuel Amunike ya ci ta uku. Na kuma tarar da wani abin da ban taɓa sani ba: wasan ma ba a cikin birnin Atlanta aka buga shi ba, a wani gari ne mai suna Athens a jihar Jojiya. Shekaru ina ɗauke da wasa biyu a kaina a matsayin wasa ɗaya, domin sunan Kanu ya fi ƙara a kunnen 'yan zamaninmu, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina daga ina na samo ba.

Mai gidana a wurin aiki, wani tsohon furodusa da kowa ke kira Malam, bai ɗaga mini murya ba. Ya zaunar da ni ya ce abin da zan riƙa tunawa kullum kafin a kunna jar fitila shi ne, wanda ya ga abin da idonsa yana nan da rai, kuma rediyonsa a kunne take. Washegari na buɗe shirin da gyara, na ambaci Amunike, na gode wa Baba tela ba tare da na faɗi sunansa ba. Wannan gyaran ya fi mini wuya a baki fiye da duk abin da na taɓa karantawa a iska, amma daga ranar mutane suka fara kira suna ba ni abin da suka sani, ba don su kama ni da kuskure ba.

Daga nan na daina yarda da duk ranar da na gani a wuri ɗaya tak. Shafukan intanet da ke jera abubuwan tarihi suna kwafar juna ne, idan na farko ya yi tuntuɓe sai ka ga goma sun faɗi a rami guda. Sai na ga abu a wurare biyu da ba su dogara da juna ba nake ɗauka, in ban samu ba in bar shi, ko da kuwa ya yi mini daɗi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, wani lokacin wurare biyu su saɓa kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Damben Muhammad Ali da George Foreman a Kinshasa ne ya koya mini wannan. An yi shi ranar 30 ga Oktoba 1974, amma da misalin ƙarfe huɗu na asuba, don masu kallo a Amurka su same shi da dare. A wurinsu ranar 29 ce ba ta ƙare ba. Agogon Kinshasa ɗaya ne da namu, ke nan lokacin da Ali, mai shekara 32, ya kai Foreman mai shekara 25 ƙasa a turmi na takwas, ladanai a nan suna shirin kiran assalatu ne. Haka zuwa duniyar wata. Littattafai suna cewa 20 ga Yuli 1969, kuma a ranar kumbon ya sauka, amma sa'ad da Neil Armstrong ya ɗora ƙafarsa a kan wata, a Najeriya ƙarfe huɗu saura 'yan mintoci ne na asubahin 21 ga wata. Rasha ma juyin juya halinta na 1917 ana kiransa na Oktoba, alhali ana tunawa da shi ranar 7 ga Nuwamba, domin tsohuwar kalandar da suke bi a lokacin tana baya da kwana 13. Na koyi in riƙa faɗa wa mai sauraro da agogon wa nake magana. Mutumin da ke shan koko a Jega ko Kamba yana da haƙƙin ya san me ake ciki a garinsu lokacin da abin ya faru.

Sai kuma batun watanninmu. Ranar 15 ga Janairu na yi bayani kan juyin mulkin 1966, wanda aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da na koma gida, kakata, wadda ba ta wuce shirin, ta ce da ni, "Kai yaro, Sardauna ai cikin azumi anka kashe shi, goman ƙarshe. Yanzu kuwa ko Rajab ba mu kai ba." Na ce, "Inna, ai lissafin Bature nake bi." Ta ce ita dai abin da ta sani, sun tashi sahur a daren, kuma sallar wannan shekara ba wanda ya yi ta da daɗin rai. Da na lissafa, gaskiyarta ce, ranar ta faɗo a ƙarshen Ramadan na 1385. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, shi ya sa sai bayan kimanin shekara 33 ranakun suke sake haɗuwa, kamar yadda 15 ga Janairu 1999 ta sake faɗowa cikin azumi. A wurin Inna, ranar tunawa da Sardauna tana zuwa ne da ƙishirwar azumi, ba da sanyin hunturu ba. Tun daga nan, duk abin da ya shafi mutanenmu nake ƙoƙarin kawo shi da lissafi biyu, kuma na ga yadda dattawa suka ƙara sakin jiki da shirin.

Amma gyara mafi girma da Malam ya yi mini ba na kwanan wata ba ne. Wata rana ya ɗauki littafina mai bangon kwali yana buɗawa a hankali. Ga mutuwar Bob Marley, 11 ga Mayu 1981, yana da shekara 36. Ga ta Michael Jackson, 25 ga Yuni 2009. Ga ta Fela, 2 ga Agusta 1997. Ga rushewar katangar Balin, 9 ga Nuwamba 1989, ga sakin Mandela daga kurkuku, 11 ga Fabrairu 1990. Ya rufe littafin ya ce, "To ina Ɗanƙwairo? Ina Sa'idu Faru? Ina Ɗan Anace? Ina Sani Aliyu Ɗandawo da ke nan kusa da kai?" Ban sami abin cewa ba. Wata takwas ina shirin, ban taɓa ambaton makaɗin kotso ko na kalangu ko sau ɗaya ba, alhali faya-fayansu suna jere a ɗakin ajiya, taku goma daga teburina. Ba raini ya sa ba. Na waje suna zuwa mini ne a shirye, da rana da wata da hoto, namu kuwa sai an tashi an nema. Na bi hanya mai sauƙi ban ankara ba, kuma a ganina yawancin masu irin wannan aiki a nan suke faɗawa.

Neman namu shi ne ya fitar da ni daga ofis. Na je Argungu na wuni a gidan tarihi na Kanta, na sauka har bakin kogin Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi, na zauna da masunta suna gyaran homa da gora. Bikin kamun kifin da duniya ta sani ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, wadda ta zama alamar rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato, kuma a 2016 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da aka gada. Na taso ina jin labarin giwan ruwa da kyautar mota, amma ban san cewa sulhu ne tushen abin ba sai da aiki ya kai ni. Na je Gwandu, na ziyarci hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Na fara sa ranakun da suke namu a shirin: 21 ga Yuni 1804 ta yaƙin Tabkin Kwatto, 15 ga Maris 1903 da Turawa suka ci Sakkwato, 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, 1 ga Oktoba 1996 da aka ƙirƙiro Zamfara, wata biyu kacal bayan waccan lambar zinare. Na yi wa Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, shiri na musamman, na yi wa Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Ranar da na sa muryar Ɗan Anace yana wasa shahararren ɗan dambe Shago, sai da aka ƙara mana minti goma saboda yawan masu kira.

A cikin wannan yawo na gane cewa tsofaffinmu suna da kalandarsu, kuma ba ta da sako-sako kamar yadda 'yan boko muke zato. Ba za su ce maka rana kaza ga wata kaza ba, amma za su ce shekarar da aka canja hannu, ko shekarar da naira ta fito, ko bayan kashe Murtala da damina ɗaya. Kowane ɗaya yana da turke: an koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, naira da kwabo sun maye gurbin fam da sule ranar 1 ga Janairu 1973, an kashe Janar Murtala ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976. Idan ka riƙe waɗannan turaku, ka kuma san damina da kaka da hunturu da bazara, za ka iya ɗaure labarin tsoho a shekararsa, wani lokacin har a watansa. Aikin yana buƙatar haƙuri, kuma yana buƙatar ka yi shiru. Da farko nakan katse su da tambayar wace shekara ce, sai in ga zancen ya mutu. Daga baya na koyi in bar mutum ya bi hanyarsa, turken zai fito da kansa a tsakiyar hira.

Haka ta faru da wani tsohon ɗan dambe da na samu a wani ƙauye a kan hanyar Bunza. Yana zaune a gindin bedi yana tufkar igiya, hannunsa na dama duk kanta da tabon zaren da ya sha ɗaurawa. Na gaishe shi, na ajiye rikoda a kan tabarma, ya kalle ta ya ce in matso da ita kusa don muryarsa ta yi ƙasa. Ya ba ni labarin wani dambe da ya yi da wani baƙo da ya zo daga ƙasar Zamfara, yadda aka yi turmi biyu ba kisa, yadda makaɗi ya kira sunan kakansa a turmi na uku har ya ji ƙasa na motsi a ƙarƙashinsa. Ban tambaye shi shekara ba. Can sai ya ce ya tuna motar da ta kawo baƙin ta kusa yin karo a hanya, domin direban bai gama sabawa da sabon hannu ba, kuma gero yana tsaye a gona an yanke ba a ɗaure ba. Na rubuta a gefen littafina: kakar 1972.

Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Yaushe za a sa?" Na ce, "Baba, idan kaka ta yi, in Allah ya kai mu, ranar da aka fara yankan gero." Ya ce to in aiko a gaya wa jikansa tun da wuri, don a sayo batir.