Ledar da muke zuba ƙuli-ƙuli da kilishi ita ke cinye mana riba

Salamu alaikum jama'a. Yau maganar leda zan yi, don wallahi abin ya jima yana ci mini rai. Ka shiga kowane butik a nan Damagaram za ka ga kayanmu na gida, ƙuli-ƙuli, dakuwa, soyayyar gyaɗa, kilishi, garin yaji, an jera su kusa da biskit ɗin waje, shi na wajen ya sha jirgin ruwa ya sha mota ya yi wata da watanni a hanya amma kana buɗewa ka ji shi garas kamar jiya aka gasa, namu kuwa da aka soya nan Zango ko Birni kafin a je ko'ina ya fara warin tsohon mai, ka ci ka ji maƙaƙi a wuya. Sai mutane su ce ai na waje magani ake zuba masa. Eh, wasu ana zubawa, amma babban aikin ba maganin ke yi ba, ledar da aka sa shi ciki ce.

Gwaggona tana cikin wata ƙungiyar mata masu sarrafa gyaɗa, kuma hannunta na da kyau, duk wanda ya ci ƙulinta da zafinsa ya san haka. Amma in ta kai butik aka kwana biyu ba a saye ba sai a maido mata, asara kenan, ga kuɗin gyaɗa ga itace ga wahalar daka da matsa. Da na ce mata iska ce ke shiga sai ta ce "Haba ɗana, ni da na liƙe bakin da kyandir, ta ina iska za ta bi?" Kuma tambayar tata daidai ce, ita ce ma tambayar da ya kamata duk mai wannan sana'a ya yi.

Iskar nan da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 nata oksijin ce. Ita muke rayuwa da ita, kuma ita ce ke sa ƙarfe tsatsa, ita ce kuma ke lalata mai. Gyaɗa kusan rabinta mai ne, ko an matse ta an yi ƙuli akwai sauran mai a ciki, ga kuma wanda aka soya shi da shi. Kilishi ma labunsa na gyaɗa ne. To in oksijin ta samu wannan man sai ta riƙa canja shi a hankali har ɗanɗano da ƙamshi su juya, yaji da tattasai su koɗe, wasu bitamin ma su ragu. Zafi na ƙara wa abin sauri, hasken rana ma haka, mu kuwa a nan in bazara ta kama cikin watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, ga kaya an baza su a tebur rana na dukansu tun safe.

Ledar da muka saba da ita, fara ko baƙa, irin ta piya wata da irin wadda ake ƙulla sukari, sunanta PE. Wurin tare ruwa da danshi ba ta da laifi ko kaɗan, shi ya sa ruwa ke zama cikinta bai zuba ba. Amma oksijin ba ta buƙatar huji, ta cikin jikin ledar kanta take ratsawa, kamar yadda randa ke tsatsafo da ruwa alhali ba ta fashe ba. In kana son ka tabbatar, ƙulle daddawa ko busasshen kifi a leda ka ɗaure tam ka ajiye a ɗaki, ka dawo an jima ka ji ko ɗakin bai ɗauka ba. Abin da ya bar wari ya fito, zai bar iska ta shiga. Kuma in leda ta yi zafi ratsawar ta fi sauri.

Masu masana'antu sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa sashe, wato ɗan ƙunshin ledar nan da ka gani na madarar gari ko na Nescafé ko na tumatir, ba leda ɗaya ba ce, ledoji ne kala-kala aka manne su wuri guda, uku, biyar, wani har bakwai, kowace da aikinta. Ta ciki yawanci PE ce don ita ke narkewa ta liƙe baki da kyau. Ta waje PET ce ko makamanciyarta, irin robar gorar lemo, ita ke ɗaukar rubutu da zane kuma tana da ƙarfi. Ta tsakiya ita ce mai gadin, ita ke tare oksijin.

Cikin masu gadin nan akwai wata roba da ake kira EVOH, wani kamfanin Japan mai suna Kuraray ne ya fara fito da ita kasuwa a 1972. Wurin tare oksijin ta ninka ledarmu ta PE sau dubbai, ba sau goma ko ɗari ba, don haka ɗan siririn shafi ake sawa wanda ido ba ya ma rabe shi. Sai dai tana da rauni guda, ba ta son danshi, in ta jiƙa ƙarfinta na raguwa, dalilin da ya sa kullum ake ɓoye ta a tsakiya kenan, PE ta tare mata ruwa ita kuma ta tare iska. Akwai PVDC wadda ta girme ta, a kamfanin Dow na Amurka aka gano ta a 1933, ita tana tare iska da danshi duka biyu, amma tana da sinadarin kulorin a jikinta wanda ke ba da matsala in an ƙona ta, shi ya sa da yawa suka rage aiki da ita. Akwai nailan, tarewarsa matsakaiciya ce amma yana da tauri ba ya saurin hujewa, shi ake yawan sawa a ledar da ake zuƙe wa iska da mashin.

Sai kuma mai ƙyalli, wadda mu muka fi sani. Ita ma iri biyu ce kuma nan ake yawan cutar masu saye. Akwai wadda ainihin fallen alminiyom ne a ciki, ita kam ba iska ba haske ba wari. Akwai kuma wadda fesa wa leda alminiyom ɗin kawai aka yi, siriri ƙwarai, tana da kyau ta fi leda zalla nesa ba kusa ba amma ba ta kai ta farkon ba. Gane su ba wuya, kunna tocilan wayarka ka kara daga ciki, in ka ga haske na ɗan ratsowa to mai feshi ce, in duhu ne ɗif to falle ne. Ko ka lanƙwasa ta, mai falle tana zama yadda ka lanƙwasa, mai feshi tana ƙoƙarin komawa.

Ni abin da ya fi taɓa ni a wannan magana shi ne abincin nan da ake ba yara masu tamowa a asibiti, Plumpy'Nut. Duk ɗan Nijar da ya ga shekarar 2005 ya san shi, lokacin da yunwa ta yi tsanani a yankin Maraɗi da nan Damagaram, da shi aka yi jinyar dubban yara, da yawa ma a gida hannun iyayensu mata ba tare da an kwantar da su ba. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, daga baya aka fara yin sa a Yamai. To mene ne a ciki? Gyaɗa ce fa, da mai da sukari da madarar gari da bitamin. Wato duk abubuwan da iska ke saurin lalatawa. Amma sashe guda mai giram 92 yana iya kai shekara 2 ba firijo, a cikin wannan zafin namu. Dalili biyu ne, babu ruwa a cikinsa, sannan sashen nasa mai shafin alminiyom ne da ke hana iska da haske shiga. In da a ledar ƙulla sukari aka zuba shi da bai kai ƙauyukan Tanut ko Gure da lafiyarsa ba. Gyaɗar da ke ceton yaro shekara biyu bayan an niƙa ta, ita ce dai gyaɗar da ke lalacewa a hannun gwaggona cikin ɗan lokaci, kuma wannan na ba ni takaici sosai.

Manomanmu ma sun riga sun san sirrin, ko da ba da wannan sunan ba. Buhun PICS da ake adana wake, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, daga jami'ar Purdue ta Amurka ya fito, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007, kuma masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Maraɗi sun yi aiki sosai a kansa. Ka zuba wake ka matse iska ka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin da ke ciki su shaƙe 'yar oksijin da ta rage, sabuwa ba ta shigowa da saurin da zai ishe su, sai su daina ci su daina haihuwa su mutu, ba ƙwayar magani ba komai. Wani zai ce to ai ledar PICS ɗin ma PE ce. Haka ne, amma mai kauri ce kuma mai tauri, kowace kaurinta mikiron 80 (mikiron dubu ne milimita ɗaya), ga ta biyu. Sannan aikin ba ɗaya ba ne, ƙwaro na buƙatar iska da yawa kafin ya rayu, shi kuwa man gyaɗa, 'yar iska kaɗan ta ishe shi ya juya. Don haka abin da ya wadatar wa wake ba lalle ya wadatar wa kilishi ba.

Amma don Allah kar wani ya karanta wannan ya je ya sayi mashin ɗin zuƙe iska ya fara liƙe komai. Akwai haɗari a nan kuma ba ƙarami ba. Leda mai tare iska tana tare danshi ma, in ka rufe abin da bai bushe ba to ka rufe shi da ruwansa, zai yi gumi a ciki ya lalace. Mafi muni, akwai wata ƙwayar cuta da ba ta son oksijin, sai inda babu iska take girma, a cikin nama ko kifi mai danshi, gubarta tana shanye jiki tana kisa, kuma ba lalle abincin ya yi wari ba. Don haka kilishi sai ya bushe ƙarau, ɗanyen nama ko dafaffe kuwa ko an zuƙe masa iska sai da sanyi. Gyaɗar da ta riga ta yi funfuna ma babu ledar da za ta wanke ta, gubar na nan, tsince ta za a yi a zubar tun farko.

Sai maganar baki. Ko ka sayi leda mafi tsada a duniya, in bakin bai liƙu ba ka yi aikin banza. Kyandir yana ƙona wani wuri ya bar wani, ɗan mashin ɗin liƙi na hannu ya fi, kuma a goge bakin kar mai ko gari ya taɓa inda za a liƙe. A bar kaya su huce kafin a zuba. A matse iskar da ke ciki gwargwadon iko, don ita ma tana nan tana aiki. Kilishi yana da kaifi a gefe yana huda leda siririya, shi ya sa mai nailan ta fi dacewa da shi. Akwai kuma ɗan ƙaramin ƙunshi da za ka gani cikin wasu kayan waje an rubuta kar a ci, wani na shan danshi ne, wani kuma garin ƙarfe ne a ciki da ke tsatsa ya shanye oksijin ɗin da ta rage, a Japan aka fara sayar da irinsa a 1977.

Na san matsala ta gaba, mai saye a nan yana son ya ga abin da zai saya, in ka rufe kilishi cikin mai ƙyalli sai ya yi zargin ɓoye wani abu ake. Akwai masu taga a gaba, bayan na ƙyalli, sun fi dai leda zalla, a kuma cire kaya daga rana.

Ban manta da shara ba. Duk wanda ya zaga bayan Kasuwar Dole ko ya ga abin da mahauta ke cirowa daga tumbin akuya ya san leda ta zame mana bala'i, kuma tun 2014 akwai dokar da ta hana ledoji marasa kauri a ƙasar nan. Su waɗannan masu shafi-shafin ma sun fi wuyar sake narkawa tunda robobi daban-daban ne manne da juna. Ni ra'ayina, ƙosai da waina da abin da za a ci yau ba su da buƙatar leda ko wace iri, a zo da kwano. Abin da za a ajiye a gida, kwalba mai murfin kirki ko gwangwani sun fi kowace roba tare iska kuma ana wankewa a sake. Amma kayan da zai yi wata uku a butik, ko za a kai Yamai ko Agadas ko a tsallaka da shi waje, shi ya cancanci leda ta gaske, don zubar da abincin da aka sha wahala kansa shi ma ɓarna ce babba. Kilishin Nijar har rajista aka yi masa a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka, don a kare sunansa, bai kamata ya isa hannun baƙo yana warin tsohon mai ba.

Tsada ita ce gaskiyar abin da ke hana mata irin gwaggona, don masu kawowa daga Kano ko Yamai da yawa suke sayarwa, mace ɗaya ba za ta iya ɗaukar katan ba. Shi ya sa nake ta roƙon ƙungiyoyin su haɗa kuɗi kamar yadda suke adashi su sayo tare, mashin ɗin liƙi ma guda ya ishi mutum goma. In kun je saye kar ku tsaya kan kauri da kyan zane, ku tambayi mai kaya shafi nawa ce, me ke tsakiya, falle ne ko feshi, kuma ta abinci ce. Ku karɓi 'yan kaɗan tukuna, ku zuba ƙuli na suya ɗaya rabi a sabuwar rabi a tsohuwar, ku rubuta kwanan wata ku ajiye wuri guda, bayan wata ɗaya ku buɗe ku ɗanɗana kafin ku zuba jarinku.