Asabar: birki a bakin bindiga, toshiya a kunne

Da hantsi na karɓo bindigar daga wurin maƙerin da ya ɗaura mata birkin baki don rage shuri. Mai cin harsashin .300 Winchester Magnum ce, wanda ya fito tun 1963, kuma mafarauta a nan Kolorado suna ji da shi saboda elk, ƙatuwar barewar nan ta kan duwatsu da ake farauta da bindiga a Oktoba da Nuwamba. Tana jefa harsashi mai nauyin giren 180 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) da gudun kusan ƙafa 2,960 a daƙiƙa, kuma duk abin da ta aika gaba sai ta rama shi a kafaɗa. Illar wannan shuri ta wuce ciwon kafaɗa. Idan mutum ya sha shi sau goma, jikinsa kan koyi zabura tun kafin ya gama jan kunama, ido ya runtse, harsashi ya kauce. A daji wannan kaucewar ita ce dabba ta gudu da rauni, abin da ba mafarauci mai tausayi da zai so.

Birkin baki ɗan guntun ƙarfe ne mai tsawon inci biyu zuwa uku, da ake ɗaurawa a ƙarshen bututu. Da zarar harsashi ya fita, iskar albarushi mai zafi tana biye da shi da gudun da ya fi nasa. Birkin yana da bangaye a ciki da tagogi a gefe. Iskar ta bugi bangayen, ta ja bindigar gaba, sannan ta fice ta dama da hagu maimakon ta yi gaba duka. Mai kyau yakan rage shuri da kashi ɗaya cikin uku har zuwa rabi, kuma ya fi tasiri a harsashi mai albarushi da yawa irin wannan.

Aikin ɗaurawar ya fi yadda ake zato. Abu na farko da maƙerin ya yi shi ne auna kaurin bakin bututu, ya samu inci 0.650. Murɗin da aka saba yi wa bindigogi masu ramin .30 (faɗin ramin bututu a inci) a Amurka shi ne 5/8x24, wato kauri inci 0.625 da haƙora 24 a kowane inci. To idan aka yanka wannan a bututu mai 0.650, kafaɗar bututu, wato gefen da ya rage a bayan haƙora inda birki zai zauna, ba za ta kai kaurin farce ba, kuma kafaɗar ce take daidaita birki, ba haƙoran ba. Ana son bututu ya kai wajen 0.725 kafin a yi masa 5/8. Akwai 1/2x28, amma wannan na ƙananan bindigogi ne irin .223, kuma a ramin .30 yakan bar bango siriri. Sai ya zaɓi 9/16x24, tsaka-tsaki. Na ga hikimar zaɓin, ko da yake samun birki mai wannan murɗi ya fi wuya.

Inda aiki yake lalacewa shi ne wurin ɗora bututu a injin sassaƙa. Ramin da harsashi ke bi ba lallai ya zama a tsakiyar ƙarfen daidai ba. Wanda ya bi bayan bututu ya yanka haƙora, zai samu birkin da ya yi kyau a ido amma ya karkace daga hanyar harsashi. Dole a zura sandar awo cikin ramin, a ɗora agogon awo, a yi ta gyara zaman bututun har girgizar allurar ta koma ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na inci. Ramin fita na birkin da 'yan kaɗan ya fi harsashi faɗi, kimanin inci 0.020 zuwa 0.030, saboda haka ƙaramar karkata ta isa harsashi ya gogi bango. Alamarta ita ce harbi ya warwatse a allo, a kuma ga jan tagulla a gefe ɗaya na ramin. Idan ta yi muni, birkin kan fashe. Bayan yanka ya sake gyara leɓen bututun, don harsashi ya rabu da ƙarfe daidai ta kowane gefe, sannan ya zura sandar gwaji ta cikin birkin a gabana. Ta wuce ba ta taɓa ko'ina ba.

Saura juya tagogin su kalli dama da hagu cif. Da siraran washa ya yi, yana ƙarawa yana ragewa, ya ɗaure da ƙarfin da ya kai fam-ƙafa 20, da ɗigon gam na noti wanda ake iya kwancewa. Akwai birki mai ramuka zagaye da shi wanda ba ya bukatar wannan saiti, amma na ƙi shi: in aka yi harbi a kwance, ramukan ƙasa suna tayar da ƙura da tsakuwa har cikin ido.

Bayan azahar na je filin gwaji. Shurin ya koma kamar na .308, harsashin da bai kai wannan ƙarfi ba, ko ƙasa, har ana iya ganin inda harsashi ya sauka ta cikin madubin saiti na kan bindiga. Wurin saukar ya matsa kusan inci biyu ƙasa a yadi 100, abin da ba mamaki, tunda nauyi a bakin bututu yana canza yadda yake karkarwa. Danni takwas a madubi suka dawo da shi. Duk ranar da aka cire birkin aka sa marfin haƙora, sai an sake wannan saiti.

Amma ƙarar. Wannan ce ta sa na zauna rubutu a daren nan.

Iskar da birki ya hana tafiya gaba ba ɓacewa ta yi ba, kunne ta nufo. Hukumar NIOSH mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta ba da shawarar iyaka a desibel 85 (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne) na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Ga ƙara mai tashi farat ɗaya, iyakar 140 ce. Ƙaramar .22 ma tana kusa da wannan iyaka. Babbar bindigar farauta tana wuce 160 ba tare da birki ba, birki kuwa na iya ƙara kusan goma a kunnen mai harbi. Goma a wannan ma'auni ba ƙaramin abu ba ne, ninki goma ne na ƙarfin sauti. Harbi ɗaya tak da kunne a buɗe ya isa ya bar ɓarnar da ba ta gyaruwa.

A can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar dodon koɗi, cike da ƙwayoyi masu siraran gashi da ke mayar da girgiza ta zama ji. Wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Ɓarnar takan fara ne a sautuka masu tsini, wajen hats 4,000 a ma'aunin tsinin sauti, inda su s da sh da f da ts suke. Shi ya sa mutum zai ce yana ji amma ba ya ganewa, musamman a taro ko muryar yara da mata. Mai harbi da dama, kunnensa na hagu ne ya fi cutuwa, don shi ke fuskantar bakin bindiga, na dama kuwa kai ya kare shi. Kukan da kunne ke yi bayan harbi, wanda wasu ke cewa zai wuce da safe, shaida ce ta rauni, kuma ga wasu ba ya wucewa har abada.

Lissafin kariya ga shi. A kwalin kowace toshiya akwai lambar NRR, mai nuna yawan desibel da take ragewa. Soson toshe kunne mafi kyau 33 ne, siririn marufin kunne mai batir, mai shigo da magana, wanda mafarauta ke so kusan 22. Ko an yarda da lambar yadda take, 170 a cire 22 saura 148, an wuce iyaka. In aka haɗa soso da marufi ba a tara lambobin biyu, ana ƙara kusan 5 ne a kan babbar, a samu 38. Da wannan ne ake sauka ƙasa da 140 da tazara mai kyau. Don haka da birki, biyun ake sawa tare, a ɗaga murya a marufin don a ji magana ta cikin soson.

Sa soson ma da ƙa'ida. A murza shi ya zama siriri ba tare da ninki ba, a zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunne sama da baya, a tura, a riƙe daƙiƙa 30 har ya kumbura. Wanda ya kalle ka ta gaba bai kamata ya gan shi ba. Yau na ga mutum uku da rabin soso a waje, kariyar da suke samu ba ta kai rabin ta kwali ba. Marufi kuma abu biyu ke buɗe shi: ƙafar tabarau mai kauri da ta ratsa ƙarƙashin matashin, da gindin bindiga da ke ɗaga shi in aka kwantar da kunci. Matashi mai taushi irin na jel da tabarau mai siririyar ƙafa suna maganin duka biyun.

Na kusa da kai ya fi ka shan wahala, domin tagogin shi suke kallo. Na koma tebur na ƙarshe, na kuma sanar da maƙwabcina kafin in fara. Rumfar kwano tana mayar da ƙara, ta ƙara muni. Wannan ne dalilin da jagororin farauta da yawa ba sa son birki, kuma kare ba shi da abin toshewa.

Salansa, wato na'urar rage ƙara da ake ɗaurawa a bakin bindiga, ta fi birki adalci ga kowa: tana rage ƙara da desibel 20 zuwa 30, tana rage shuri ma. A Finlan da Norwe da Birtaniya abu ne na yau da kullum ga mafarauta. A nan tana ƙarƙashin dokar bindigogi ta 1934, sai an yi rajista da ATF, hukumar tarayya mai kula da bindigogi. Ranar da zan saya, sai an nemo mai dacewa da 9/16x24.

Kafin nan, na sa toshiya mai igiya a madaurin bindigar, wata a aljihun jaka. A daji za a naɗe tagogin da salatif na lantarki don dusar ƙanƙara da laka, iskar gaban harsashi ke yage shi. Wajen wanki a cire birkin, kada ƙyalle ya maƙale a taga. Litinin zan nemi layin gwajin ji, a samu awon farko kafin Oktoba.