Asabar, ranar da na hana ƙwallon da ta shiga raga

Yanzu na idar da sallar isha'i, kafaɗata ta dama sai zugi take yi. Da la'asar yaran unguwa suka zo har ƙofar gida, wai mai hura musu wasa ya tafi ɗaurin aure, in taimaka in riƙe usur. Uwargida ta ce, "Malam, da girmanka?" Na ce minti sittin ne kawai.

Filin makarantar firamare ne, an ja layuka da toka, iska ta riga ta share rabi. Zagayen farko lami lafiya. Ana dawowa daga hutu, ɗan bayan masu jar riga ya ga an matsa masa, ya juya ya tura wa golansu ƙwallo da ƙafa, a nutse, da gangan. Golan nan, yaro dogo mai safar hannu ɗaya, ya durƙusa ya rungume ta kamar an miƙo masa jariri. Na busa.

Filin ya ɗauki ihu: "Fenareti! Han ne!" Har wani ya ɗauki ƙwallon ya nufi ɗigon bugun. Na karɓe, na dire ta inda golan ya kama, taku bakwai ko takwas daga raga, na ɗaga hannuna sama.

Kyaftin ɗin masu farar riga ya matso yana haki. "Haba Baba, a cikin sha takwas fa ya taɓa." Na ce masa, ɗana, gola a cikin gidansa hannunsa ba ya jawo fenareti, ko sau nawa ya taɓa. In ya kama wadda ɗan wasansa ya bugo masa da ƙafa da gangan, ko wadda ya jefo masa kai tsaye daga gefen fili, hukuncinsa bugun tazara ne wanda sai wani ya taɓa kafin ta shiga, kuma babu kati. Da kai ko ƙirji aka mayar masa, ya kama abinsa. In ya fito wajen layin ya sa hannu, to nan ya zama kamar kowa, har jan kati yana iya sha in ya hana cin da ke a bayyane.

Wani dattijo da ke zaune a kan babur ya ce a zamaninsu ba a san wannan ba. Da gaskiyarsa. Sai a 1992 aka kafa dokar, bayan gasar cin kofin duniya ta 1990 a Italiya, inda 'yan baya da gola suka riƙa miƙa wa juna ƙwallo suna cinye lokaci har kallo ya gundiri mutane. Ta jifa kuwa a 1997 aka ƙara ta. Ni na kalli wasannin wancan lokacin a baƙar talabijin, kuma ban yi kewarsu ba.

Masu ja suka jeru a kan layin raga su goma sha ɗaya, tunda babu wurin ja da baya yadi goma. Na sake nuna hannuna da ke sama, na ce da ƙarfi, sai an taɓa. Mai bugun ko kallona bai yi ba. Ya ja baya ya narka ta, ta wuce ta saman kawunansu ta shige can kusurwa, ba ta goga jikin kowa ba. Wallahi ƙwallo ce mai kyau. Ya cire riga ya ruga, yara suka bi shi a guje, ni kuma ina tsaye da hannu a sama kamar mai tsaida a-daidaita-sahu. Na nuna bugun gola.

Abin da aka faɗa mini ba zai rubutu ba. Mafi sauƙinsa shi ne an saye ni da lemo. Minti goma muka yi ana cacar baki, sai da dattijon mai babur ya sauko ya ce, "Ku bar malam, hannunsa na sama tun ɗazu, ni shaida ne."

Akwai inda ni ma na kau da kai. Golan farare ya riƙa kwanciya a kan ƙwallo yana cin lokaci, alhali tun 2025 doka ta ce daƙiƙa takwas ce, alƙali ya ƙirga biyar na ƙarshe da yatsu, in ya wuce a ba abokan hamayya kwana. Ronwen Williams, golan ƙungiyar Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu, ya ɗanɗana ta a gasar ƙungiyoyin duniya a Amurka. Na ƙirga a zuci har sha biyu, na dubi fuskokin 'yan kallo, na bar usur ɗin yana lilo a wuyana. Rigima ɗaya ta ishe ni a yini.

An tashi babu ci. Ina kakkaɓe takalmi, golan mai safa ɗaya ya zo ya tsuguna ya ce, "Baba, to in na kai mata ƙafa na kuskure fa?" Na ce in da gaske ka yi niyyar bugawa, ka sa hannu, an yarda tun 2019. Ya ce mako mai zuwa ma ni za su kira. Uwargida tana dafa mini ruwan gashi, ban gaya mata ba tukuna.