Ƙirƙirarriyar Basira da Gargaɗin Suratul Alaƙ: Darasi Daga Ajin Kwamfuta

Tun da aka fito da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke amsa tambayoyi a rubuce, a ƙarshen Nuwamba na 2022, aikin mai koyar da ilimin kwamfuta ya sake salo, har a nan Tawa inda wuta ke yawan ɗaukewa kuma kuɗin intanet ke yi wa ɗalibi nauyi. Ina koyarwa a wata makarantar sakandare, kuma babban darasin da na samu a wannan tsakani ya zo mini ne daga surar da muka haddace tun muna riƙe da allo. A farkon Suratul Alaƙ, Allah ya ce shi ne ya koyar da alƙalami, ya sanar da mutum abin da bai sani ba. A aya ta 6 da ta 7 kuma sai ya ce lalle mutum yana ƙetare iyaka idan ya ga kansa ya wadatu. Yadda aka jera ambaton ilimi da ambaton ɗagawa kusa da juna haka ya ishi mai lura.

Wannan ganin wadatuwa na fara hango shi a wajen masu ƙera fasahar. Masanan da suka taru a kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1956 sun gina aikinsu a kan zaton cewa babu wani ɓangare na koyo ko na hankali da ba za a iya siffanta shi dalla-dalla ba har na'ura ta kwaikwaye shi. A yau wasu shugabannin kamfanoni na maganar basirar da za ta zarce ta ɗan Adam a kowane fanni. Mai karatun Alƙur'ani zai tuna da Fir'auna yana umartar Hamana ya gina masa doguwar hasumiya, maƙwabtanmu Kiristoci kuma za su tuna da hasumiyar Babila. Amma ni labarin Ƙaruna ya fi tsaya mini a rai, domin da aka yi masa nasiha cewa ya yi an ba shi dukiyarsa ne saboda wani ilimi da ke wurinsa. Waɗannan manhajoji an horar da su ne da rubuce-rubucen mutane marasa adadi, malamai da marubuta da likitoci da masu fassara, matattu da rayayyu, waɗanda akasarinsu ba a nemi izininsu ba. Wanda ya tattara wannan gadon ya ce daga wurinsa yake, ya kama hanyar Ƙaruna ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Adalci ne a faɗi cewa wasu daga cikin masu ƙera fasahar sun tsorata. A watan Mayu na 2023 Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin manyan masanan wannan fanni, ya bar Google domin ya samu damar yin gargaɗi a fili, kuma a ƙarshen wannan wata na Mayu shi da Sam Altman na kamfanin OpenAI mai ChatGPT da Demis Hassabis na Google DeepMind da wasu suka sa hannu a wata gajeriyar sanarwa da ta jera haɗarin wannan fasaha tare da annoba da yaƙin nukiliya. Abin da ke damuna shi ne tseren da kamfanoni ke yi wajen ƙera ta bai lafa ba bayan sanarwar.

Sai dai inda na fi daɗewa ina tunani shi ne a kan ɗabi'ar na'urar kanta. Aikinta shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata, bisa abin da ta tsinta a tarin rubutun da aka ɗura mata, saboda haka takan kawo gaskiya da ƙirƙira da murya ɗaya, cikin lafazi mai daɗi da ƙarfin hali. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da manhaja ta ƙaga. A ajina wani ɗalibi ya kawo wata magana da wata manhaja ta ba shi a matsayin hadisi, har da lamba, muka bincika tare da malamin Larabci ba mu same ta a inda aka jingina ta ba. Mu kuwa mabiya mazhabar Imamu Malik ne, wanda aka ruwaito cewa an yi masa tambayoyi 48 ya ce bai sani ba a 32 daga cikinsu. Malamanmu na zaure, idan sun gama warware mas'ala a Ishmawi ko Risala, sukan rufe da "Allahu a'alamu", kuma ba ado ba ne a bakinsu. Mala'iku ma cewa suka yi ba su da sani sai abin da aka sanar da su.

Daga nan cutar ke sauka kan yaranmu. Ɗalibin da ke da salula a hannu yakan fara ji ya wadatu da malami, da littafi, da zaman haƙuri a gaban wanda ya fi shi sani. Na ga mai shirin jarrabawar bakaloriya da ke kawo amsa tsaf, amma idan na ce masa, "Ɗana, a ina ka samo wannan, kuma ta yaya ka tabbatar?" sai ya dube ni kamar tambayar ba ta da muhalli. Wannan ya fi yi mini ciwo a kan satar amsa, domin mai satar amsa ya san bai iya ba, wannan kuwa yana zaton ya iya. Ibn Sirin ya ce wannan ilimi addini ne, don haka ku duba daga wa kuke karɓar addininku, alhali yaran nan sun fara tambayar manhaja hukuncin azumi da rabon gado.

Ban hana su amfani da ita ba, kuma ban ga dalilin hanawa a addini ba, tunda Allah da kansa ya ambaci koya wa Annabi Dawuda saƙa sulke a cikin ni'imominsa. Abin da na sauya shi ne tsarin aikin gida. Duk wanda ya tambayi manhaja dole ya rubuta tambayar da ya yi mata, ya kawo amsarta, sa'an nan ya nuna littafi ko malamin da ya tabbatar masa da ita ko ya ƙaryata ta. A jarrabawar aji kuma ina ba da maki ga wanda ya rubuta cewa bai sani ba tare da bayyana inda saninsa ya tsaya, ina kuma rage wa wanda ya cika takarda da zato. Wasu iyaye sun zo sun tambaye ni dalilin ba da maki a kan rashin sani, na zauna da su na karanta musu labarin Imamu Malik, kuma yanzu muna tattaunawa da sauran malamai kan shigar da tsarin a darussan tarihi da na Faransanci.