Saƙon Godiya Daga Ofishin Malam

Alhamdulillahi, an rantsar da Malam a matsayin Antoni Janar kuma Kwamishinan Shari'a na jiha. Sai yau hankali ya kwanta, jiki kuwa duk ya yi tsami.

Ba sai mun maimaita abin da ya faru ba, kun bi komai. Sai dai ba kowa ya gane inda hatsarin ƙorafin da aka kai gaban majalisar dokokin jiha kan cancantar Malam yake ba. Sashe na 195 na tsarin mulkin 1999 ya ce sai wanda ya shekara goma da zama lauya zai hau kujerar, Malam kuwa ya ninka haka sau uku tun barinsa Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya inda ake karatun lauya. Amma takardarsa ta zama lauya da sunan mahaifinsa ta fito, fasfo da takardun haraji kuma da sunan garinsu, yadda aka saba yi wa 'yan makaranta a da. Masu ƙorafi suka ce mutum biyu ne. Takardar rantsuwa da sanarwar jarida ba su gamsar da majalisa ba, sai an haɗa da rajistarsa a Kotun Ƙoli da rasit na kuɗin da lauya ke biya duk shekara kafin Maris ya ƙare. Na farkon shekarun kuwa sun ɓace tun tashinmu daga tsohon ofis.

Ana jibi zaman majalisa, bayan isha'i, sai ga Baba magatakarda a kan acaɓa, rungume da akwatin ƙarfe. Ya daɗe da barin aiki, ido ma ya yi rauni. Ya buɗe, ga rasit ɗin nan a leda, shekara na bin shekara, gara ta ɗan ci gefen wasu. Malam ya riƙe su ya kasa cewa komai. Baba ya hana a faɗa, amma wallahi ba za mu iya yin shiru ba. Allah ya ƙara masa lafiya, ya haskaka idonsa, ya jiƙan mahaifansa, ya sa 'ya'yansa su yi masa fiye da haka.

Hajiya uwargida, direban Malam da limamin unguwa, Allah ya saka da alheri. Akwai 'yan uwa na jini da muka yi ta duban hanyarsu a makonnin nan, ko waya babu. Allah ya sa lafiya ce.

Masu shari'a a hannunmu, doka ta hana Malam aikin lauya mai zaman kansa muddin yana kan kujerar. Duk mai ƙara da gwamnati ya zo ya karɓi fayil ɗinsa ya kai wani ofis, sauran za mu shigar da takardar sauya lauya. Ku taya shi da addu'a, Allah ya yi riƙo da hannunsa.