Asabar, ranar da milimita 3 suka tsayar mini da aiki

Jiya ban kwanta ba sai wajen ƙarfe biyu na dare, kuma da aka kira assalatu abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne zoben nan na kayan sanyaya kwamfutata da ya ƙi shiga tiyo. Bayan na dawo daga masallaci na sake gwadawa, wai ko gajiya ce ta sa hannuna ya kasa. Ba gajiya ba ce. Bakin mahaɗin ya shige cikin tiyon daram, amma zoben da ake murzawa ya matse shi daga waje ya tsaya a baki, ko alamar wucewa babu.

Bari in rubuta yadda abin ya faro, don watarana in na dawo ga wannan shafi in tuna. Sana'ata haɗa bidiyon biki da na suna, kuma ɗakina a unguwar Nima ta birnin Akara rufin kwano ne. A watan Maris, da rana ta take, ɗakin kan haura digiri 32. In na saka kwamfutar fitar da bidiyon awa biyu, fankokinta sai su kama kuka kamar injin markaɗe, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya kai kusan digiri 95, ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Aikin minti arba'in ya koma na awa ɗaya da rabi, ga uwar amarya tana ta bugo waya. Shi ya sa da wani abokin sana'a zai yi tafiya na sayi kayan sanyaya na ruwa a hannunsa: injin tura ruwa samfurin D5 haɗe da tankinsa, lagireto mai tsawon milimita 360, farantin da ke zama a kan furosesa, da mahaɗai shida. Tiyo ne kawai babu. Yayana da ke Jamus ya aiko mini da mita 3 na baƙar roba, da farantin katin hoto, wato ɓangaren kwamfutar da ke sarrafa hoto. Jiya na zauna haɗawa, na ci karo da wannan.

Da gari ya waye sosai na ɗauki gilashin Mma na karatu na duba jikin tiyon. An rubuta 10/16. A gindin mahaɗin kuma, da ƙananan lambobi, 10/13. Lamba ta farko faɗin ramin ciki ce, ta biyu kaurin tiyon daga waje. Ciki sun yi daidai, shi ya sa baki ya shige. A waje tiyona ya fi da milimita 3. Naman tiyon da aka yi wa waɗannan mahaɗai milimita ɗaya da rabi ne, nawa kuwa milimita 3 ne cif. Abin ya yi mini ciwo, domin Yaya ya tambaye ni girman da nake so, ni kuma na ce masa "na goma", a zatona lamba ɗaya ce ake bi.

Mma ta ga na bar kokona yana hucewa, ta ce, "Kai da wannan robar tun jiya. Sha kokonka tukuna, roba ba za ta gudu ba." Na sha, na ci ƙosai biyu, na zuba mahaɗi ɗaya da guntun tiyo a aljihu na fita.

Na hau torotoro, ƙaramar motar haya, zuwa shataletalen Sakul. Layin Tiptoe kamar kullum, ba masaka tsinke: masu waya suna jan hannun mutum, masu laftof sun jera kaya har bakin kwata. Na shiga shaguna sun fi bakwai. Yawancinsu na'urar sanyayar nan da ake sayarwa a haɗe take gare su, wadda an riga an cika ta da ruwa an rufe, ɗaurawa kawai za ka yi. Da na fito da mahaɗin sai su juya shi a hannu su mayar mini. A wani shago can ciki na sami wani matashi da ya san abin. Ya buɗe durowa ya fito da mahaɗai goma masu launin azurfa, sababbi fil a ledarsu. Zuciyata ta yi fari, har na kai hannu ga wayata don in tura masa kuɗi. Da na duba da kyau sai na ga ba su da bakin nan da tiyo ke hawa kai. Na bututu mai tauri ne, milimita 14. Irin waɗannan ramin ne kawai da zoben roba a ciki, bututun ke shiga, a murza murfi ya danne zoben. Tiyo mai laushi ba ya zama a ciki.

Ya ce mini, "Maigida, ka bar robar nan ka koma bututu mai tauri. Shi ne na zamani." Ya nuna mini hoton wata kwamfuta da ya haɗa, bututai a miƙe sambal kamar an ja layi da rula, ruwa shuɗi yana gudu ciki. Gaskiya ta yi kyau. Na daɗe ina kallo, kuma ba zan ɓoye ba, raina ya biya.

A tsaye a wurin na yi lissafina. Bututu mai tauri sai an gasa shi da bindigar zafi, an zura masa igiyar siliko a ciki don kada ya lotse, an lanƙwasa, an yanke daidai, an goge bakin don kada ya yanka zoben roba. In ka kuskure da milimita biyu, wannan sandar ta tafi. Wanda ke zaune inda zai yi oda yau a kawo masa jibi, ba komai gare shi. Ni kuwa duk sandar da na ɓata sai na jira mai zuwa daga Turai. Sannan irin wanda ake kira PETG yana laushi in ruwa ya yi zafi sosai, har bakinsa ya iya motsawa a cikin mahaɗi. A ɗaki irin nawa, in fanka ta tsaya ban lura ba fa? Na akirilik ya fi jure zafi, amma yana tsagewa in an matsa masa. Ga ƙurar hunturu da ke toshe lagireto, dole in riƙa ciro shi ina kakkaɓewa. Da tiyo mai laushi zan iya ɗaga shi gefe ba tare da na zubar da ruwa ba. Na yi masa godiya na fito. Bai ji haushi ba, har ya ce in na haɗa in kawo masa hoto.

Daga nan ban koma gida ba, na wuce Mamobi wurin Kawu. Shekararsa sama da talatin yana gyaran famfo, kuma tun ina yaro in abu ya shafi ruwa da bututu shi ake kira. Na same shi bayan azahar yana cin wake da shinkafa a gaban shago. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi Mma, ya tura mini kwanon. Sai da muka wanke hannu na fito da mahaɗin.

Yadda ya karɓe shi ya burge ni. Bai tambayi na mene ne ba. Ya kai shi kusa da ido, ya bi tiredin, wato layukan da ake murzawa, da farcen babban yatsa a hankali, ya ce, "Wannan ai kwata ne, na Ingila." Ya shiga ciki ya ɗauko wani tsohon soket na tagulla, ya murza mahaɗina a ciki, ya shige sumul har ƙarshe. Na ce masa a takardun kayan G1/4 ake rubutawa. Ya ce su dai kwata suka sani. Abin da ya ba ni mamaki shi ne sunan bai dace da awon ba: da ya sa ma'auninsa na ƙarfe, kaurin tiredin ya haura milimita 13 kaɗan, alhali kwatan inci bai kai milimita 7 ba. Kawu ya ce sunan daga ramin tsohon bututun ƙarfe ya samo asali, ba daga tiredin ba. Wannan tiredi jikan wanda Joseph Whitworth ya tsara ne a Ingila a 1841, yana da haƙora 19 a kowane inci. Na Amurka mai kama da shi 18 gare shi, kuma yana tsukewa zuwa baki, shi ya sa in ka haɗa su sai su kama zagaye biyu su cije. Ashe abin da ke cikin kwamfutata ɗan gida ɗaya ne da famfon tsakar gidanmu.

Na yi masa bayanin damuwata. Ya yi shiru, ya shiga ya fito da wani baki na tagulla mai gaɓa-gaɓa, irin wanda ake sa wa tiyon gas ko na kwamfaresa, da ƙaramin kilif. Ya ce, "Ɗana, ga wannan. Ka naɗa masa farin tef, ka ɗaure da sifana, ka sa tiyonka ka matse da kilif. Ko shekara goma ba zai ɗiga ba."

A nan muka daɗe. Ba na son in yi wa Kawu musu a kan sana'arsa, don haka na nuna masa abin da idona ya gani. A gindin mahaɗina akwai ɗan baƙin zoben roba kwance cikin rami. Shi ke tare ruwa, tiredin jan abu kawai yake yi ya zauna. Nasa kuwa ba zobe, tiredinsa mai tsukewa ne, sai an ɗaure da ƙarfi yake toshewa. Na buɗe hoton farantin katin hotona a waya, na ce masa murfin nan mai kama da gilashi akirilik ne, kuma a cikinsa aka yanka ramin. Ya kalli hoton, ya kalli bakin tagullarsa, ya mayar da shi aljihu da kansa. Ya ce, "A'a. Wannan zai tsaga shi kamar an sa wa ice tsinke. Da hannu kawai ake ɗaure naka ke nan?" Na ce da hannu, in zoben ya zauna a ƙara ɗan murzawa a tsaya. Ya gyaɗa kai.

Shi ne kuma ya lura da abin da ni ban gani ba. Ya sa tsinken ashana ya ciro zoben robar, ya matsa shi tsakanin yatsu. Ya bushe, gefe ɗaya ya baje, har da 'yar tsaga. Ya ce ko da tiyona ya yi daidai, da wannan zai zubar mini da ruwa a kan kaya. Jikina ya yi sanyi. Katin hoton nan kuɗin biki huɗu na tara na saye shi.

Kafin in tashi ya tambaye ni da wane ƙarfe aka yi lagireton. Na ce jan ƙarfe da tagulla. Ya ce to kada in yarda alminiyam ya shiga layin, ya sha ganin yadda ƙarfe biyu da ba sa jituwa ke cin juna in ruwa ya haɗa su. Haka yake a nan ma: jan ƙarfe, tagulla da nikel suna zama tare, alminiyam ne ke narkewa a hankali ya toshe 'yan siraran hanyoyin cikin faranti. Ya ƙara da cewa in sa wurin zubar da ruwa a can ƙasa, "don duk wanda ya haɗa layi bai bar masa mafita ba, bai gama aiki ba." Wannan ban taɓa sa shi a lissafina ba.

Na dawo gida bayan la'asar, na buɗe akwatin kwamfutar, na ɗora kowane abu a mazauninsa ba tare da na ɗaure ba. Na yanko igiyar shanya ina gwada hanyar da tiyo zai bi: daga tanki zuwa katin hoto, zuwa furosesa, zuwa lagireto a sama, ya dawo tanki. Abu huɗu, kowanne ƙofa biyu, mahaɗi takwas ke nan. Ashe shidan da na saya ko yawansu bai kai ba. Wurare biyu ne suka matse: fitowa daga lagireto, inda fanka ta tare hanya, da ƙasan katin hoto. A nan ne na ga amfanin tiyon da Yaya ya zaɓa. Na lanƙwasa shi sosai a hannu, bai karye ya toshe ba, saboda kaurin namansa. Siririn da tuni ya noƙe. Kuma baƙar robar nan ba ta sakin farin dattin da tiyo mai haske ke saki cikin ruwa in ya kwana biyu. Don haka tiyo na nan, mahaɗai ne za su sauya. Na yi tunanin baki mai gaɓa da kilif, wanda ya fi araha kuma ba ruwansa da kaurin waje, amma na fi natsuwa da zoben da ake murzawa, domin yana matse tiyon ta ko'ina daidai, kuma ina iya duba shi da ido in san ya zauna.

Bayan isha'i na kira Yaya. Na ce, "Yaya, laifina ne, lamba ɗaya na ba ka." Ya ce ba komai, in karanto masa a hankali yana rubutawa. Mahaɗai masu zobe na 10/16 guda takwas, na tagulla, tiredi G1/4. Masu lanƙwasa digiri 90 da ke juyawa, guda biyu kacal, don kowane mai juyawa ƙarin wurin ɗiga ne. Mai baki uku guda ɗaya, da ɗan famfon zubarwa da murfinsa. Zoben roba na ajiya, leda guda. Na roƙe shi duka takwas ɗin su fito daga kamfani ɗaya, kuma ya gwada ɗaya a kan tiyo irin nawa kafin ya ba da saƙo. Ya ce akwai wani ɗan unguwarmu da zai zo gida kafin salla.

Ya tambaye ni ko na tabbata ruwan zai magance zafin. Na gaya masa gaskiya: ruwa ba zai sauko ƙasa da zafin ɗakin ba, lagireto iskar ɗakin yake sha. Abin da nake nema furosesa ya daina rage gudu, kuma Mma ta samu barci in ina aikin dare. Ranar da kaya suka iso zan cika da tataccen ruwa, in shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin kowane mahaɗi, in kunna injin ruwan shi kaɗai ba wuta a madabod, wato babban allon kwamfutar, ya yi awa 24 yana zagayawa kafin in yarda da shi.

Yanzu sha ɗaya ta wuce. Na mayar da tsohuwar fankar a kan furosesa, bidiyon sunan da zan kai unguwar Madina gobe yana kashi 61 cikin ɗari. Tiyon na naɗe shi na sa a leda cikin durowa saboda ƙura, tsofaffin mahaɗan kuma na ware su zan kai wa Kawu ranar Litinin, ya ce yana son ya nuna wa yaran shagonsa yadda zoben ke zama.